Rijiyar da Muka Rufe don Baƙi

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke bisa ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta. Ni ban yi boko ba, karatun allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Shi ya sa na roƙi Malama, maƙwabciyata da ke koyar da yara a firamare, ta zauna ta ɗauki maganata a takarda. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, in kuka ya zo mini ta jira ni. Abin da ya tayar da ni shi ne jiya na ga an sauke tsakuwa da buhunan siminti a gindin tsamiyar arewa da gari, inda sojoji ke ajiye motarsu. An ce Turawa ne suka ba da taimako a gina musu mazauni. To mijina yana ƙarƙashin wurin nan. Ba kabari aka haƙa masa ba, rijiya ce, kuma duk garin nan ni kaɗai na rage da na san daidai inda bakinta yake.

Ni 'yar Roni ce, cikin duwatsu aka haife ni. Aure ne ya kawo ni wannan ƙasar yashi da ke tsakanin Babura da Kanya Babba, ina yarinya ɗanya, ko tulu ban iya ɗauka ba sai an ɗora mini. Abin da na fara sani a garin nan ba fuskokin mutane ba ne, kukan igiya ne. Tun kafin a idar da sallar asuba za ka ji shi, igiya tana gogar itacen ƙirya da aka gitta a bakin rijiya, ƙiii, ƙiii, sannan wasaki, gugan fata, ya faɗa ruwa can ƙasa da wata ƙara mai daɗi kamar an buga ƙwarya. Itacen nan igiya ta ci shi ta yi masa tsaga-tsaga, kowace tsaga yatsana yana shiga ya ɓace. Mata a jere da tuluna, kowa da gammonta a hannu, a nan ake jin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji da wanda jakinsa ya ɓata. Ruwan yana da sanyi, yana da ɗan garɗin ƙasa, in ka dama fura da shi ba ka neman komai kuma. Surukata, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda ɗigo ya tafi a banza. In na wanke gero sai ta ce, "Ƙasarin nan na akuya ne, kada ki zubar." In na yi wanke-wanke ta ce, "Kai wa gindin kabewa." Ruwa ɗaya sai ya yi aiki a wuri uku kafin ƙasa ta shanye shi. Yanzu ina zaune a ƙofar gida ina ganin yara suna tura jarkoki a baro, ruwan saye ne daga nesa, rabinsa yana tsiyaya a hanya, ba mai waiwaye.

Maigidana shi ne Sarkin Rijiya. Gado ya yi, don kakanninsa Barebari ne masu haƙar rijiya, su suka tona ta tun garin bai fi bukkoki kaɗan ba. Kowa da sarautar yake kiransa, yaro da babba, har sunansa na yanka ya kwanta. Doguwar halitta ce, marar ƙiba, tafin hannunsa kamar ƙasan ƙafa don jan igiya. Ni yakan ce mini 'yar duwatsu. Aikinsa ba haƙa kaɗai ba ne, shi ke raba lokaci. Safiya ta mata ce, hantsi na dabbobin gari, bayan azahar na Fulani. In baƙon garke ya zo daga arewa, sai mai shi ya zo ya yi sallama ya nemi izini, a ba shi 'yan kwanaki ya shayar, sannan ya ƙara gaba. Ba rowa ba ce. Hannu ne ke jan ruwan, hannu kuwa yana gajiya, don haka shanun da ke kewayen gari ba su taɓa fin ciyawar da ke wurin ba. Wannan ban gane shi ba a lokacin, sai da ciyawar ta tafi.

Akwai Ardon Fulanin da ke zaune gabas da mu, tsararsa ne, kuma abokin wasansa, kun san tsakanin Fulani da Barebari. Ba su taɓa haɗuwa sun gaisa kamar mutane ba. Ardo zai taho da sandarsa a kafaɗa yana cewa, "Ina bawan kakana? Shanun ubangidanka suna jin ƙishi, kai kana nan kana hamma."

Shi kuma ya ce, "Ga ɓarawon nono ya iso. Ka zuba wa madara ruwa ka sayar mana, yanzu ka dawo neman wani ruwan."

Ardo ya ce, "Ruwan rijiyarka ne ai, in da daɗi ka gode mini."

Haka za su yi ta yi, amma ranar da na haifi 'yar farina, Ardo ne ya fara aiko da ƙwaryar man shanu.

Babbar ranarmu ita ce ranar yasa. Kowace bazara, in ruwa ya ja baya, sai a sa rana a shiga rijiya a kwashe laka, a duba itatuwan da aka ɗaure bangonta da su, a cire wanda ya ruɓe a sa sabo. Maroƙi ya zaga da ganga, mata mu kwana biyu muna daka, a yi fura da dambu da tuwo a manyan akusa. Samarin gari su jeru a kan igiya tun daga bakin rijiya har gindin tsamiya. Kafin kowa ya sauka sai an ɗaura fitilar aci-balbal a ƙwarya an zura ta, in ta mutu a ƙasa to iskar ba ta da kyau, sai a jira. In ta rayu, maigida ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya ɗaura igiya a ƙugu. Ni kuma in koma bayan mata in riƙe bakin zanena da haƙori har sai na ga kansa ya ɓullo, jikinsa duk laka, yara suna masa dariya. Lakar ma ba a zubar da ita, a gonar liman ake kaiwa. Shekarar da aka ce Turawan mulki sun miƙa ƙasa sun tafi, mun ji ana harba bindiga a Babura, aka raba wa 'yan makaranta tuta. Mu dai da bazara ta zo yasa muka yi kamar kullum.

Sai fari ya zo. Ba na son in tsaya a kansa, amma dole in faɗa. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, gero ya tsiro ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Muka ci tafasa, muka ci ganyen da ko akuya ba ta kallo a da, mata suka riƙa tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙwayar da suka samu. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa, Buzaye masu raƙuma da ba su da raƙumi ko ɗaya, matan da a da bayi ke musu daka suna miƙa mana hannu. Amma rijiyar ba ta ƙafe ba. Ta ja baya ƙwarai, maigida ya yi ta bin ruwan yana ƙara mata zurfi, muna kwalfa kaɗan-kaɗan, ba wanda ƙishi ya kashe a garinmu. A cikin wannan halin motocin taimako suka iso. Suka kawo wata jar dawa mai tauri da ke karya taɓarya, da garin madara da ya riƙa sa yara gudawa don ba mu san yadda ake dama shi ba. Ba zan yi butulci ba, dawar nan ta tsayar da rayuka, har da nawa. Duk wanda ya ce ba su yi mana komai ba bai ji yunwar ba.

Bayan dawa sai wasu Turawa suka zo a Landiroba, maza biyu da mace ɗaya, da tafinta ɗan Kano. Mutanen kirki ne, rana ta ƙone su sun yi jawur, macen tana ɗaukar yaranmu tana hawaye. Dagaci ya zaga da su gari har bakin rijiya. Maigida ya ja ruwa da hannunsa, ya zuba a sabon ƙoƙo, ya durƙusa ya miƙa wa Baturiyar, don baƙo ruwa ake fara ba shi. Ta karɓa, ta leƙa cikin ƙoƙon, ta yi murmushi, ta riƙe shi. Ba ta sha ba. Ta yi magana, tafinta ya ce, "Ta ce ta gode. Ta ce ruwan buɗaɗɗiyar rijiya shi ke kashe muku yara, za su kawo muku mai tsabta." Ta nemi inda za ta ajiye ƙoƙon ta rasa, sai ta miƙa wa wani yaro. Duk gari yana tsaye yana kallo. Da maigida ya dawo gida ya daɗe zaune a kan turmi, can ya ce, "'Yar duwatsu, ashe ƙazanta muke ba mutane tun kakanni." Na ce, "Haba Malam, ita dai ba ta saba ba."

Suka kawo wata ƙatuwar mota mai dogon ƙarfe, ta yi ta huda ƙasa kudu da gari tana gurnani, har ruwa ya yi tsiri sama. Aka gina ɗakin inji, aka ɗora tanki, aka jera famfuna da dogon kwami na shanu. Burtsatse sunansa, a lokacin muka fara jin kalmar. Wallahi mun yi murna. Ka murɗa ƙarfe ruwa ya zubo, ba igiya, ba kanta a hannu. Tsofaffi suka riƙa zuwa su murɗa su rufe suna salati.

Ana nan sai labari ya zo cewa manyansu za su taho daga ƙasarsu su ga aikin. Mu mata kuwa da yawa ba mu bar tsohuwar rijiya ba, don ruwan famfo yana da ɗanɗanon ƙarfe, ba ya yin fura. Dagaci ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Maigida ne ya ba ni labarin abin da aka ce. Dagaci ya ce, "Mutanen nan sun baro iyayensu, sun ƙetare ruwa, sun yi mana abin da ɗan'uwa bai yi mana ba. In manyansu suka zo suka tarar da matanmu a bakin rijiyar da suka ce tana kisa, me muka ce musu ke nan? Mun ce kyautarku ba ta ishe mu ba. Wane gida ne ake kawo wa kyauta a ture ta a gaban mai ita?" Kowa ya ce gaskiya ne. Wani tsoho ya ce to a hana mata zuwa ranar kawai. Dagaci ya ce, "Wannan munafunci ne, kuma Allah yana gani." Ba Turawan ne suka ce a rufe ba, wannan ki rubuta shi da kyau, Malama. Mu ne. Kunyar baƙo ce ta sa. Maigida da kansa ya jera azara a bakinta, ya shimfiɗa zana, aka bi da ƙasa. Manyan suka zo, aka yi kiɗa, aka ba su rago da kwandon ƙwai, aka ɗauki hoto. Ba wanda ya ko tambayi inda tsohuwar rijiya take.

Aka ba maigida aikin gadin inji, da hula mai baki da gwangwanin mai. Ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Yakan ce bayansa ya huta. Ardo ya ce, "An ɗaure bawana a gindin ƙarfe, Allah ya ƙara." Bazara ta zo ba a yi yasa ba, aka ce baɗi. Baɗi ta zo aka ce ai ba abin da ya sami rijiyar, a rufe take. Daga nan ba a ƙara tayar da maganar ba.

Famfo ba shi da sarki. Ba a neman izini, ba a jiran bayan azahar. Labari ya bazu har ƙetaren iyaka, inda muke ce wa ƙasar Faransa, cewa akwai ruwan da ba ya ƙarewa, garkuna suka yi ta zuwa, suka zo ba su tafi ba. Ardo ya yi ta faɗa da baƙin Fulani 'yan'uwansa, ba mai jin sa. Suka cinye ciyawa, suka cinye saiwarta, aka sassare gawo da marke aka ba shanu ganye. Kafin mu farga kewayen gari ya zama fili fetal, ka tsaya a ƙofar gidanka ka hango mai tahowa tun yana ɗigo. Yashi ya fara tafiya da ƙafarsa yana shiga gonaki. Lokacin ne kuma aka ce kuɗin fetur ya cika ƙasa. Samarin da ke jan igiya ranar yasa suka ɗaure kaya suka tafi Kano da Ikko, aikin gini da dako da gadi. Sukan dawo da salla da rediyo da agogo, su kwana kaɗan su koma. Ba wanda ya koyi ɗaurin rijiya a wurin maigida, wa zai koyi abin da aka rufe? Mu kuma Allah bai bar mana ɗa namiji ba, 'yar farin nan ita kaɗai ta rayu.

Turawan suka ce wa'adin aikinsu ya cika. Aka yi musu walima, Baturiyar ta rungume ni tana kuka, suka tafi wata ƙasar da ta fi mu wahala. Hukuma ta ci gaba da aiko da man inji, yau a kawo, gobe a manta. Sai fari ya sake dawowa, kuma a tsakiyar bazararsa inji ya yi wani tari ya tsaya. Maigida ya shafa masa mai, ya share shi, ya yi masa duk abin da aka koya masa, shiru. Aka je Babura aka ce sai Kazaure, aka je Kazaure aka ce sai Kano. Makanike ya zo ya kwance ya ce wani ƙarfe ne ya karye, kuma ba a yin irinsa a ƙasar nan, sai an aika inda aka ƙera injin. Garkunan baƙi suka watse, waɗanda ba su iya tafiya ba suka mutu a jikin busasshen kwami. Mata muka koma tafiya wani gari neman ruwa, mu fita da sassafe mu dawo rana ta take, da tulu ɗaya, bayan an gama yi mana gori.

A cikin wannan ne 'yar farina ta zo goyon ciki. A ƙetaren iyaka take aure, haihuwar fari kuwa a gidan iyaye ake yi. Ta sauka lafiya, namiji. Mai jego wanka take bukata safe da yamma, ruwa mai zafi a babbar tukunya, a tsoma ganye a yi ta fyaɗa mata har jikinta ya gasu, haka har ta yi arba'in. A wurinmu macen da ba ta yi wankan jego ba ana ganin sanyi ya riga ya kama ta. Ni kuwa tulu ɗaya nake kawowa, a cikinsa za a sha, a yi kunun kanwa, a yi alwala. Na riƙa jiƙa tsumma ina goga mata. Ƙafafunta suka fara kumbura, zazzaɓi ya sauko. Dangin mijinta za su zo suna, za su ga yadda muka riƙe musu mata da ɗa.

Maigida ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba don kunyar 'yar fari, ya ce, "Ya jikin yarinyar?"

Na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Ba da sauƙi ba. Ina jin nishinta daga zaure." Sannan ya ce, "Ina igiyar nan?"

Na ce, "Malam, shekara nawa ba a buɗe ta ba? Su wa za su riƙe maka?"

Ya ce, "'Yar duwatsu, jikana yana kwance a gidan Sarkin Rijiya, uwarsa ba ta yi wanka ba. Ɗauko mini igiya."

Da hantsi aka yaye ƙasa aka ɗaga azara. Wani wari mai ɗumi ya taso. Waɗanda suka kama igiya tsofaffi ne, da liman, da Ardo a gaba, sai mu mata a bayansu, abin da ba a taɓa yi ba. Aka zura fitila, ta yi kamar za ta mutu, ta farfaɗo. Maigida ya leƙa ya daɗe yana kallon itatuwan bango. Na san ya ga abin da gara ta yi musu a cikin duhun shekarun nan. Ya tuɓe riga ya miƙa mini. Bai taɓa miƙa mini riga a gaban mutane ba.

Ya sauka. Laka ta fara fitowa guga bayan guga, baƙa ƙirin, sannan ta fara yin ruwa-ruwa. Wajen azahar muka ji muryarsa daga ƙasa, "Ga shi nan! Yana tsattsafowa!" Mata suka rangaɗa guɗa. Guga ya fito da ruwa, gurɓatacce amma ruwa, na tara tuluna aka juye mini. Ardo ya leƙa yana dariya ya ce, "Kai bawan kakana, fito haka, kada ka shanye mana!" Muka ji ya amsa, "Bari in cika wa ɓarawon nono ɗaya!"

Ba ƙara mai yawa ba ce. Wani itace ya ce ƙas, sannan wani dogon shuuu kamar ana juye gero daga buhu. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙura ta taso daga bakin rijiya. Aka ja igiya, ta ƙi. Aka kama tono da fartanya da ƙwarya da hannu, duk abin da aka kwashe yashi ya mayar da ninkinsa, baki yana ta faɗi yana cin inda muke tsaye. Ardo bai saki igiyar ba. Ya naɗe ta a hannu har ta yanke shi, yana ta cewa, "Bawana, amsa mana. Kai Babarbare, wasan ya isa. Amsa mana." Da la'asar ta yi sanyi liman ya ce a dakata, kada a ƙara wasu a kai. Aka jeru a bakin ramin aka yi masa salla, ba wanka, ba likkafani. Sai da aka yanke igiyar da wuƙa sannan aka iya janye Ardo.

Tulun nan na ɗauka na kai gida. Na tace ruwan, na dafa, na yi wa 'yata wanka da shi, ban gaya mata rasuwar ubanta ba sai da na gama. Wanka ɗaya ke nan da ta samu. Mijinta ya zo ya tafi da ita, ta yi ta jinya, ba ta ga yayen yaron ba, yaron ma bai daɗe ba ya bi ta. Bayan damina ta faɗi sai ga mota daga Kano da ƙarfen inji a cikin ɗan kwali. Na je na gani. Bai fi tafin hannuna ba. Aka ɗaura, inji ya tashi, ya yi shekara guda ya sake mutuwa, har yau. Ardo ya kwashe sauran shanunsa ya yi kudu, ya ce ba zai iya wucewa ta gindin tsamiyar nan ba.

Tun daga nan masu taimako ba su daina zuwa ba, kowane da farar motarsa da allon da zai kafa a bakin hanya. An kawo famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, an kawo itatuwan dashe awaki sun cinye, an tara mu an tambaye mu abin da muke so, mun faɗa, an tafa. Ba na zagin kowa. Suna zuwa da zuciya ɗaya, sai dai kowannensu yana da ranar tafiya, mu kuwa ba mu da ita. Ramin ya cike da kansa ya zama daidai da ƙasa. Da farko guntun igiyar yana leƙowa, da shi nake gane wurin. Da ya ruɓe na sa aka kawo mini dutse daga Roni na ajiye. Waɗanda suka ja igiya ranar duk sun mutu, garin ya cika da baƙi da jikokin da aka haifa a birni.

Da aka fara maganar ɓarayin daji da masu ƙetaro iyaka da bindiga, sai aka kawo sojoji, da motoci masu launin yashi, aka ce su ma kyautar Turawa ce. A da dawa suke aiko mana, yanzu abin da ake aikowa ke nan. Duk arewacin gari inuwa ɗaya ta rage, tsamiyar nan, don haka a nan suka sauka. Ranar da na je na tarar an ture dutsena gefe an ɗora tukunya a kai, ƙafar mota kuma tana daidai bakin rijiya. Na tsaya ina kuka. Wani soja ya taso, yaro ne ɗan kudu, da ɗan gicciye a wuya, Hausarsa guntu-guntu.

Ya ce, "Mama, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

Na ce, "Ɗana, motarku tana kan mijina."

Bai gane ba sai da na nuna masa da hannu, na kwatanta rijiya, na kwatanta rushewa. Ya cire hularsa. Ya kira direba aka ja motar baya, ya ɗauko dutsen da kansa ya mayar. Sannan ya ce, "Mama, zan sa katako, zan rubuta, kowa ya sani. Yaya sunan Baba?"

Na buɗe baki na rufe. Tun ranar da aka kawo ni garin nan ban taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki, ko a mafarki. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, haka aka tarbiyyantar da mu. Na waiwaya ko akwai wanda zai faɗa a madadina, duk waɗanda suka taru yara ne. Na ce, "Sarkin Rijiya." Ya ce, "Wannan ba suna ba ne, Mama." Na ce shi ke nan abin da nake da shi. Ya rubuta hakan a jikin katako ya kafa. Ba a daɗe ba aka canza su aka kawo wasu, katakon ya shiga wutar shayi, mota ta koma inda take. Na je na yi bayani, aka ja ta baya. Aka sake canza su. Yanzu ƙafafuna ba sa kai ni, ga siminti an sauke.

Malama ta ajiye alƙalami ta ce, "Iya, ki faɗa mini sunan in rubuta, ni mace ce 'yar'uwarki, ba wanda zai ji. In ba suna, wa zai saurare mu?" Na gwada, Allah ya sani na gwada. Yana nan a bakina kamar yadda ruwan yake a ƙarƙashin yashin nan. Rijiyar mun rufe ta don kunya, ga shi sunan ma haka zai tafi.

Ki bar fili a wurin, Malama, daidai faɗin suna ɗaya. Ki rubuta a ƙasansa cewa ya kai ga ruwan. Allah ya ji ƙansa, ya sa in sun zuba simintin kada ya yi masa nauyi.